Kafin a ce wa mutum ya sha maganin ƙarin jini

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A shafinku na lafiya na makon jiya an ce duk mai yawan jin kasala da jiri ya nemi maganin ƙarin jini ya sha, wai ko bai amfane shi ba, ba zai cutar da shi ba. Farkon maganar zan iya haɗiyewa. Ƙarshenta ne ya hana ni sakat har na ɗauko alƙalami. Na daɗe ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma na ga sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin nan ya tayar da mara lafiya, na kuma ga inda ya zama shi ne cutar.

Idan an auna an tabbatar ƙarfen jikin mutum ya yi ƙasa, ƙwayar tana aiki, babu mai gardama. Cikin mako uku zuwa huɗu sai ka ga himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya tashi da kusan maki 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce mai juna biyu ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid. Sai dai ƙarancin jini ba cuta ɗaya ba ce. Maleriya na kawo shi, sikila na kawo shi, haka ciwon ƙoda da ƙarancin bitamin B12. Awon PCV, mai duba yawan jajayen ƙwayoyin jini, zai gaya maka jini ya yi ƙasa, ba zai gaya maka dalili ba. Mai leƙa rumbun ƙarfen shi ne awon feritin, kuma babba idan nasa bai kai 15 ba, rumbu ya yi wayam. Shi ma feritin yana da yaudara, domin zazzaɓi ko kumburi kan ɗaga shi har a zaci komai lafiya. Namiji kuwa, ko macen da ta daina al'ada, idan ƙarfensu ya ƙare dole a nemi inda jinin ke tsiyaya. Sau da yawa a hanji ne, gyambon ciki ko ma sankara, kuma kwalbar magani ba abin da za ta yi sai lulluɓe ɓarnar.

A zamaninmu ƙwaya uku muke bayarwa a rana, safe, rana, dare. Ƙanwata ta sha haka bayan haihuwarta ta biyu. Kwana goma ba su cika ba ta fara ƙorafin tashin zuciya da taurin bahaya, ga bahayar baƙa ƙirin kamar gawayi, ta tsorata. Daga baya a ƙarƙashin matashinta na tsinci ragowar ƙwayoyin, ni da nake ta yi mata faɗa jininta ya ƙi hawa. Ashe ba laifinta kaɗai ba ne. A 2015 da 2017 masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun nuna cewa da zarar mutum ya sha ƙarfe mai yawa, hanta na sakin wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke tura ƙofar hanji har kusan kwana guda. Ƙwayar rana da ta dare ke nan sun tarar da ƙofa a rufe, ƙalilan ne ke shiga jini, saura ya tsaya yana dagula ciki. Matan da suka sha yau suka tsallake gobe, kason da jikinsu ya tsotsa ya fi yawa. Amma a yi adalci: mata 'yan gomomi ne aka gwada, kuma tsotsar aka auna, ba warkewa ba. Gwaje-gwajen baya da suka duba hawan jinin kansa ba su fitar da zakara a fili ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ciki ta Birtaniya a 2021 ta tsaya a kan ƙwaya ɗaya a rana, in ciki ya ƙi a koma tsallake rana, sannan a ci gaba kimanin wata uku bayan jini ya daidaita don rumbu ya cika. Shi kuwa bitamin C da muke haɗawa, an gwada a kan mutum 440 a Shanghai a 2020, ba a ga bambanci ba.

Abin da na fi so masu karatu su riƙe shi ne, lamba ta tashi a takardar gwaji daban, mutum ya samu lafiya daban. A Bangaladash an ba jarirai 3,300 ƙarfe ko maganin bogi (wanda ba ƙarfe a cikinsa, don kwatantawa) na wata uku. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ƙarancin jini ya ragu, amma bunƙasar ƙwaƙwalwar da aka sa rai ba ta samu ba. Na tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya a 2006 ya fi tayar da hankali: yara sama da 24,000 a yankin da maleriya ta yi katutu, kuma waɗanda aka ba ƙarfe da folik asid sun fi kwanciya asibiti ko rasuwa da kusan kashi 12 cikin 100, har aka tsayar da bayarwa. Ƙwayar cuta ma ƙarfen take so. Yanzu ƙa'idar ita ce a ba yara a irin wuraren nan, amma tare da rigakafi da maganin maleriya.

Na jijiya fa, wanda ake ɗaura wa mutum kamar ƙarin ruwa? Yana cika rumbu da sauri, kuma ga masu raunin zuciya gwajin 2009 ya nuna sun samu sauƙin numfashi da tafiya, alhali ƙwayar baki ba ta yi musu komai ba a gwajin 2017. Amma a Malawi, a 2023, masu juna biyu da aka ba na jijiya ba su yi wa masu shan ƙwaya wani fintinkau ba wajen rabuwa da ƙarancin jini a mako na 36, ko da yake rumbunsu ya fi cika. Tsadar na jijiya ba ita ce hujja ba.

Sai ɗaya ɓangaren da shafinku ya tsallake gaba ɗaya. Jikin ɗan Adam ba shi da ƙofar fitar da ƙarfe, abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Leda ɗaya ta jini kuwa tana ɗauke da kusan 200 zuwa 250. Lissafa wa yaron da ake ƙara wa jini duk wata. Na taɓa jinyar irinsa, mai sikila, kakarsa ta zo da kwalbar maganin ƙarin jini a naɗe cikin mayafi, tana cewa, "Yarinya, ki dubi idonsa, fari fat." Baiwar Allah da zuciya ɗaya ta kawo, ba ta san hantarsa ta riga ta cika maƙil ba. Daga hanta ƙarfen ke wucewa zuciya, ya kuma jawo ciwon suga.

Magungunan da ke kwashe shi uku ne. Tsohon cikinsu, desferiyoksamin, allura ce a ƙarƙashin fata da ke ɗiga awa 8 zuwa 12, dare biyar ko fiye a mako. Shi ya tsawaita ran masu cutar talasimiya, ciwon jini na gado da ke sa a riƙa ƙara wa mutum jini, waɗanda a da ciwon zuciya ke ɗauke su da ƙuruciya. An gano haka ne ta bin marasa lafiya shekara da shekaru, tunda ba wanda zai hana yaro magani don gwaji. Na baki sun fi sauƙi, amma deferifiron kan rushe fararen ƙwayoyin jini, deferasiroks kuma kan taɓa ƙoda, don haka ba a shansu ba tare da awo a kai a kai ba. Masu gadon tara ƙarfe kuwa, cutar da ta fi yawa a zuriyar arewacin Turai, ɗibar musu jini ake yi, kusan rabin lita a zama ɗaya. Binciken Jamus na 1985 ya nuna wanda aka fara masa kafin hanta ta lalace yana rayuwa daidai da kowa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku janye waccan jimlar a bugu na gaba, ku kuma gayyato likitan jini ya amsa tambayoyin masu karatu. Ya tuna wa iyaye su ɗage ƙwayoyin nan inda hannun yaro ba zai kai ba, domin cikin tafi guda na iya halaka ƙaramin yaro.

Wassalam.

Taku,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya