A koya wa yaranmu sunayen itatuwa da tsuntsaye a ɗakunan karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tsohon malamin firamare ne, na haura shekara 30 ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki. A hutun da ya wuce jikana ɗan shekara 11 ya zo mini kwana biyu. Iyayensa a Kurna suke zaune, can aka yanke masa cibiya. Muna zaune bayan la'asar sai na ce masa, "Kai, mece ce kurna?" Ya ce, "Unguwarmu ce mana, Kaka." Na ce ban da unguwar fa? Ya yi shiru. Bai san itaciya ba ce mai ƙaya, wadda muka taso muna jifan 'ya'yanta muna cika aljihu. Na tambaye shi Giginyu, na tambaye shi Ɗorayi da Kasuwar Rimi da Durumin Iya, duk ya san inda suke, amma ko ɗaya bai san daga jikin wace itaciya sunan ya fito ba. Yaron ba daƙiƙi ba ne, yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Babu dai wanda ya taɓa kama hannunsa ya kai shi gindin itace ya ce masa ga sunanta, ga amfaninta.

Washegari na kai shi wani ɗakin karatu na jama'a, don mu nemo littafi mai hotunan itatuwa da tsuntsayen ƙasar nan. Mun tarar da samari da 'yan mata cike da kujeru, kowa ya duƙufa yana shirin jarrabawa, abin gwanin sha'awa. Ma'aikacin da muka samu ya yi mana kirki, ya duba iya ƙoƙarinsa, amma abin da ya samo mana littafin Turanci ne mai hotunan dabbobin ƙasashen ƙanƙara. Yaro ya kalla ya ajiye. Tun daga ranar nake juya maganar nan a raina.

Kirana ga hukumomin ɗakunan karatu na jihohinmu shi ne su ware rana ɗaya a mako, ko da safiyar Asabar ce, su buɗe wa yara zama na musamman a kan muhalli, kuma a yi shi da Hausa. A ganina laburare ya fi ko'ina dacewa da wannan aiki. Makaranta tana da manhaja da jarrabawa a gabanta, malami yana gudu ne ya kammala kafin ƙarshen zango. Shi kuwa ɗakin karatu na kowa ne. Ɗan boko zai shiga, almajiri zai shiga, yarinya mai talla za ta iya tsayawa, ba a tambayar kowa kuɗin makaranta ko inifom. Sannan aikinsa na asali shi ne ajiyar ilmi, ga kuma wani ilmi can yana tafiya kabari kullum tare da masu shi.

Ilmin da nake nufi yana ƙirjin tsofaffinmu. Akwai gyatumar da za ta lissafa maka ganyayen daji da ake ci, tafasa da yaɗiya da rama da sauransu, ta gaya maka wanda ake kwaɗo da shi da wanda ake miya. Akwai maharbin da ya san sawun kowace dabba, da masuncin da ya san lokacin da kifi ke haihuwa, da makiyayin da ya san ciyawar da ke ƙara wa saniya nono da wadda ke kumbura mata ciki. A gayyato irin waɗannan mutane, a shimfiɗa tabarma a harabar laburare, su yi bayani, yara su rubuta, ma'aikaci ya naɗi muryar a waya ya adana. Abin da ke ba ni takaici shi ne baƙi sun riga mu ganin darajar wannan aiki. Tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai da itatuwa na Hausa ya buga su a littafi guda, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen tsuntsaye da ciyayi. Daga bakin kakanninmu suka ɗauka. Ya kamata a ce waɗannan littattafai suna kan kanta a kowane babban ɗakin karatu namu, mu kuma mu ɗora daga inda suka tsaya.

Bari in ɗan daɗe a kan gawo, domin shi kaɗai ya isa darasin wata guda. Duk itatuwa suna fitar da ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake kaɗe nasa, sai rani ya shigo ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Awakin su ne ke yaɗa irinsa a cikin kashinsu. Manoma sun daɗe da sanin cewa shukar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta nesa da shi kyau. Idan aka zaunar da yaro aka warware masa wannan, an koya masa kimiyya da harshen da yake mafarki da shi, kuma ba zai manta ba.

Daga nan sai a ba su labarin 'yan'uwanmu na Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonaki da yawa a kudancin Nijar sun zama fako, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sharar gona ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a kare su daga dabbobi. Manoma suka kira shi sassaben zamani, suka riƙa koya wa juna daga ƙauye zuwa ƙauye, har ya kai ga an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiya ce ta 'yan sa'o'i, harshenmu ɗaya, ƙasarmu iri ɗaya, amma yaranmu nawa suka taɓa jin wannan labari?

Ga kuma Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda aka tsara za ta ratsa daga Senegal zuwa Jibuti. A Najeriya an kafa mata hukuma a 2015, tana aiki a jihohi 11 na Arewa, da Kano da Jigawa da Katsina a ciki. Wa zai shayar da waɗannan itatuwa, wa zai hana a sare su nan da shekara 20, in ba yaran da ke firamare yau ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɓangaren tsuntsaye shi ne ya fi taɓa mini zuciya. Muna yara, ganin shamuwa ta sauka a kan tsamiya shi ne albishirin damina, manomi ya fara gyaran gona. Ungulu kuwa ba a rasa ta a mahauta da bakin kasuwa, tana kwashe mushe da ƙazanta ba ko sisi. Yau sai ka yi shekara ba ka ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 masana suka sa irin ungulun da muka saba gani a cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A dausayin Haɗeja da Nguru, duk lokacin sanyi tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai, su ƙetare Sahara su zo su yi watanni. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ruwan da ke sauka can ya sauya, ciyawar kachalla ta cinye hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suna ji a jikinsu. Yaron Kano ya kamata ya san cewa ruwan da aka tare a nan yana da masu jiransa a can. Taswira ɗaya a bangon laburare ta isa ta nuna masa.

Na san za a ce babu kuɗi. To, yawancin abin da nake faɗa ba ya cin kuɗi. Ledar fiya-wata da ke toshe mana magudanan ruwa, in yara suka tsinto ta suka cika da ƙasa da taki, ta zama wurin renon iri. A jiƙa ƙwallon tsamiya kwana ɗaya a shuka, a ɗan kankare na kuka saboda taurin bayansa, kowane yaro ya rubuta sunansa a jikin tasa ledar, in damina ta kankama ya kai gida ko masallacin unguwa ya dasa. Robar lemo da aka yanke wa kai aka liƙa mata rula ta isa auna ruwan sama, yara su riƙa rubuta abin da ya sauka a littafi, su kwatanta da hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara. Bayan ambaliyar da aka yi a Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, da ta Mokwa a watan Mayun 2025, ba na jin akwai mai cewa sanin halin ruwa da hanyarsa wasan yara ne. Ɗaliban jami'a masu karatun gandun daji da tsirrai suna nan birjik, da yawansu za su zo su taimaka in an neme su. Game da masu karatun jarrabawa da ke son shiru, a yi zaman a waje, gindin darbejiya, ba a taɓa su ba.

Ina kuma roƙon iyaye da malaman Islamiyya kada su ɗauki wannan a matsayin wani abu da aka shigo mana da shi daga waje. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. A bar 'yan mata su ma su je. Su ne gobe za su riƙe murhu, su za su zaɓa tsakanin itace da gawayi da murhu mai tsimin makamashi, kuma su hayaƙin ke fara kamawa a ƙirji.

Malam Edita, kai ma da naka rabon. Ku buɗe ɗan fili a jaridarku da za a riƙa kawo itaciya ɗaya ko tsuntsu ɗaya duk mako, da hoto da suna da amfani, masu karatu su aiko da yadda ake kiransa a Sakkwato ko Damagaram ko Zazzau, ɗakunan karatu su yanke su liƙa a allo. Ranar 5 ga Yuni ce Ranar Muhalli ta Duniya, 17 ga Yuni kuma ta yaƙi da kwararowar hamada, duka biyun sun faɗo daidai lokacin dashe. Duk ɗakin karatun da ya shirya farawa a wannan lokaci, ni zan zo da tabarmata da ƙwallon tsamiya cike da kwano, zan ɗauki zaman farko kyauta. Jikana ma ya ce zai biyo ni, domin na kai shi bayan gari ya ga kurna da idonsa, ya ci 'ya'yanta, yanzu kanya da ɗinya yake damuna in nuna masa.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
Tsohon malamin firamare,
Kano.