Tsabar Kuɗi a Babban Kanti, Bashi a Shagon Unguwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu albashi da sauran waɗanda Allah ya hore wa abin hannu, a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a biranenmu. Idan albashi ya shigo, sai magidanci ya ɗauki mota ya nufi babban kanti na zamani, ya cika kwando da kayan masarufi na wata guda, ya biya nan take ba tare da ya nemi ragin ko sisi ba. Idan kuma wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, sai ya tuna da mai shagon bakin layi, ya aiki yaro da saƙon a ba shi sukari da madara da taliya a rubuta. Ra'ayina shi ne wannan rabo bai yi adalci ba, kuma duk wanda yake da hali ya kamata ya riƙa kai wani kaso na tsabar kuɗinsa shagon unguwa, ko da kuwa zai biya ɗan ƙari a kan abin da zai biya a babban kanti.

Ba na musun cewa kayan gwangwani da na kwali sukan fi tsada a hannun mai shago, kuma dalilin a fili yake. Babban kanti yana saye kai tsaye daga kamfani ko daga babban dila, mota guda a lokaci ɗaya, saboda haka ana yi masa ragin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai taɓa samu ba. Shi kuwa mai shago a Kano sai ya je kasuwar Singa ya saro katan biyu na wannan, rabin katan na wancan, daga hannu na biyu ko na uku, sannan ya biya ɗan dako, ya biya mai adaidaita sahu, kafin kayan su iso ƙofar shagonsa. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma kowane ƙari sai da ya biyo kayan har kan teburinsa. Duk da haka arhar babban kanti ba a komai take ba. Tumatir da attaruhu da albasa sun fi sauƙi a 'Yankaba, hatsi ya fi sauƙi a Dawanau, kuma wanda ya ƙona mai ya je babban kanti don sabulu, ya dawo da biskit da lemon kwalba da bai yi niyyar saye ba, da wuya a ce ya yi tsimi.

Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne me wannan ɗan ƙari yake saya masa. A kusan kowane shagon unguwa akwai wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda bangonsa ya sha man gyaɗa, ana ajiye shi a ƙarƙashin tebur kusa da gwangwanin canji. Kowane gida da shafinsa, kuma sau da yawa ba a ma rubuta cikakken suna, sai dai a sa gidan Malam, ko gidan mai shayi, ko Hajiya ta lungu. Babu takardar yarjejeniya, babu jingina, babu ruwa, babu ranar biya tsayayya. Babu wani banki a ƙasar nan da yake ba talaka rance a kan irin waɗannan sharuɗɗa. Kuma wannan bashi yana cin jarin mai shi, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, na kayan abinci kuwa ya haura kashi 40 a tsakiyar shekarar 2024. A irin wannan yanayi, wanda ya ba da katan ɗin taliya bashi, aka biya shi bayan wata biyu a kan tsohon farashi, idan ya koma Singa kuɗin ba za su sake sayo masa katan ɗin ba. Haka jarin masu shaguna da dama ya karye, ba don sun yi almubazzaranci ba, sai don unguwa ta cinye uwar kuɗin a rubuce, alhali tsabar kuɗin unguwar tana tafiya wani wuri.

Mun ga amfanin wannan littafi a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, mutane suka yi ta kwana a layin banki, tiransifa kuma ta riƙa maƙalewa a hanya. Mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da abin sayen ƙullin gishiri. A babban kanti, idan na'ura ta ƙi karɓar kati, sai dai a ajiye kaya a fita, kuma ba laifin ma'aikacin ba ne, domin ba shi da ikon ya ce je ka kawo gobe. Mai shagon unguwa yana da wannan iko, kuma ya yi amfani da shi, kamar yadda ya yi a lokacin kullen korona a 2020, sa'ad da gidaje da yawa suka ɗora tukunya da abin da aka miƙo musu ta ƙofar baya.

Akwai kuma batun zama. Kamfanin Shoprite ya buɗe reshensa a rukunin kantunan Ado Bayero da ke Kano a 2014, uwar kamfanin da ke Afirka ta Kudu ta sayar da harkokinta na Najeriya a 2021, sannan aka rufe reshen na Kano a watan Janairun 2024. Ba na ganin laifinsu, domin kamfani lissafi yake bi, kuma inda lissafi ya daina fita dole ya tattara. Mai shagon unguwa ba shi da inda zai tattara ya tafi. A nan gidansa yake, a nan 'ya'yansa suke karatu, a masallacin layin yake salla, kuma idan aka yi rasuwa ko suna ko aka tashi gyaran kwata, yana cikin waɗanda ake fara tunkara da takardar gudummawa.

Domin a yi adalci, da yawa daga cikin manyan kantunan Arewa na mutanenmu ne, irin su Sahad da ya faro daga Kano, kuma suna ɗaukar matasa aiki, suna manna farashi a jikin kaya yadda babu mai cutar wani, ga tsabta da tsari. Ba ina kira a ƙaurace musu ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin aikin albashi da zaman yaron shago. Yaron da ya zauna da ubangidansa yana koyon sari, yana sanin wane dila ne mai amana, yana gane kayan da ke tafiya da azumi da waɗanda ke tafiya da damina, kuma bisa al'adar kasuwancinmu, bayan wasu shekaru akan sallame shi da ɗan jari ya buɗe nasa. Ta wannan hanya 'yan kasuwa da yawa a Kantin Kwari da Sabon Gari suka tashi. Duk shagon da ya rufe, an rufe ƙofar da yaro ɗaya ko biyu za su bi su zama masu kansu.

Haka nan matan aure da ke sana'a a cikin gida. Mai ƙuli-ƙuli da mai daddawa da mai yaji da mai alawar madara ba su da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, ba su da kuɗin buga leda mai tambari, saboda haka kayansu ba za su hau kantar babban kanti ba. Mai shago ne yake karɓar bokitinsu da safe, ya ajiye a gefen tebur, da yamma a aiko yarinya ta karɓi ciniki.

Wani zai ce a wannan tsadar rayuwa bai dace a ce wa mutane su biya ƙari ba, kuma na yarda da shi idan talaka ake nufi. Maganata ba da wanda yake cefanen yini da abin da ya samo a yinin take ba. Shi dama ba ya zuwa babban kanti, kuma shi ne ya fi kowa biya da tsada, tunda a ƙulle yake saye, sukarin naira 100, man gyaɗa ludayi guda, magi ƙwaya biyu. Amma wannan shi ne ma ya sa nake magana da masu hali. Ribar ƙulli ba ta riƙe shago. Abin da ke riƙe shi shi ne mai sayen katan da galan ya biya a take, domin da wannan kuɗi ake komawa sari. Idan masu ƙarfi suka janye cinikinsu, shagon ya mutu, su ba abin da ya dame su tunda suna da mota, amma gwauruwar da ke riƙe da marayu ba za ta shiga kanti mai na'urar sanyaya ɗaki ta ce a ƙulla mata sukarin naira 100 ba.

Sai dai su ma masu shaguna akwai gyara a wurinsu, kuma ba zan rufe su ba. Akwai masu buga gindin mudu ya shige ciki, akwai masu garwaya tsohuwar shinkafa da sabuwa, akwai masu barin madarar da wa'adinta ya wuce a kan kanta, akwai kuma masu duban fuska da tufafin mai saye kafin su faɗi farashi. Allah ya yi wa masu tauye mudu kashedi a farkon Suratul Muɗaffifina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani a kan algus bayan ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa. Ƙarin da nake cewa a biya shi ne na kuɗin dako da na ƙarancin jari, ɗan abin da hankali zai ɗauka. Idan bambancin ya kai ninki, ko kuma kayan ba su da kyau, babu wanda ya wajaba a kansa ya saya don kunya. Kuma da masu shagunan unguwa ɗaya za su haɗa kuɗi, kamar yadda suke haɗa adashe, su yi sari tare a mota guda, da sun rage wannan tazara da kansu.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana masu albashi ba shi da wuya. Ranar da albashi ya shigo, a fara biyan abin da ke littafin mai shago kafin a nufi ko'ina. Kayan da yake da su, irin su sabulu da sukari da taliya da man girki, a saya a wurinsa da tsabar kuɗi, a bar wa babban kanti abin da ba a samu a unguwa. Wanda zai sayi katan guda ya faɗa masa tun kafin ranar sari, domin sau da yawa zai kawo shi a farashin da bai yi nisa da na kasuwa ba. Ƙananan hukumomi kuma su dubi yawan rasit ɗin haraji da ake yanka wa shago ɗaya da sunaye daban-daban, domin shi ma a kan mai saye yake ƙarewa.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina ba da shawarar jaridarku ta tura wakili ya zaɓi kaya goma da kowane gida ke amfani da su, ya ɗauko farashinsu a rana ɗaya a Singa da babban kanti da shagunan unguwanni uku ko huɗu, ku buga mana, domin masu karatu su ga ainihin girman ƙarin da ake magana a kansa. Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano.