Godiya ga likitocin suga da sinadaran jiki na Asibitin Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum.

Shekara shida muka yi muna yawon neman magani da maigidana, kuma abin daga hula ya faro. Duk wadda ya saya, bayan 'yan watanni sai ta ƙi shiga. Takalminsa ya tashi daga lamba 42 ya koma 45, zoben azurfarsa kuwa sai da maƙeri ya yanke shi daga yatsa. Murya ta yi kauri, haƙoran ƙasa suka wawware, ga gumi ko a tsakiyar hunturu, ga minsharin da har yara ke jiyowa daga ɗakinsu. Dangi suka ce hutu ne, wasu suka ce jifa aka yi masa. Asibitocin kuɗi uku muka zaga, kowanne ya auna suga da hawan jini, ya rubuta magani, mu biya mu fito. Babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar mutumin nan da kyau.

Ranar da muka zo wajenku, wallahi ban sa rai da komai ba. Wani matashin likita ya riƙe hannun Malam yana jujjuyawa, ya ce ya buɗe baki, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, kina da tsohon hoton Baba?" Na nuna masa hoton aurenmu a waya. Ya dubi hoton, ya dubi Malam, ya yi shiru. Sai ya juya bayan katinmu ya zana mana wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, ya ce sunanta fituwitari. Ƙari ne ya fito mata, shi ke sa ta zubo sinadarin girma fiye da kima, cutar kuma ana kiranta akromegali. Ya ce sugan da hawan jinin duk rassa ne, ga saiwar nan. Da ya ce irin wannan ƙari kusan kullum ba daji ba ne, sai da na yi hawaye.

An ba Malam ruwan gulukos gram 75 ya sha, aka riƙa ɗibar jini har awa biyu. A jikin mai lafiya sinadarin sauka yake yi, nasa ya ƙi sauka. Gwajin jini na IGF-1, wanda ke nuna yawan sinadarin girma a jiki, da hoton MRI suka tabbatar.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba a ɓoye mana komai ba. An ce aiki shi ne kan gaba, ta hanci ake shiga, ba a fasa ƙoƙon kai. In bai wadatar ba, akwai allurar octreotide ko lanreotide duk kwana 28, akwai ƙwayar cabergoline, akwai kuma gashin ƙarin da hasken na'ura, wanda amfaninsa kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. An gaya mana kumburin hannu da fuska zai sace, amma ƙashin da ya riga ya girma ba zai koma ba.

Bayan aikin ya yi 'yan kwanaki yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari, daga baya ya wuce. Da muka dawo wajenku, wata Sista ta zaunar da ni a kan maganar hydrocortisone ɗin da aka ɗora shi a kai, wato maganin da ke maye gurbin wani sinadarin da jiki ke buƙata. Da Hausa ta rubuta mini a takarda: in zazzaɓi ya kama shi a ninka, in amai ya hana maganin zama a taho asibiti ko da tsakar dare ne. Ta sa na karanta mata sau biyu. Takardar tana cikin jakata har yau.

Da aka cika wata uku sinadarin ya sauka sosai, sai dai da saura, don haka yanzu yana shan cabergoline sau biyu a mako. Gumin ya tafi, sugan ya lafa, muna barci.

Ina tunanin masu irin wannan lalura a ƙauyuka da har yanzu ake ce musu sammu ne. Ina tunanin waɗanda allurar ce kaɗai mafitarsu, ga ɗan karen tsada, ga shi sai an ajiye ta a firji, a garin da wuta ke kwana biyu ba ta leƙo ba. Su kuma wuraren da ake karɓar kuɗin kati mai yawa a sallami mutum cikin minti biyu, su ji tsoron Allah, shekara shida ba kwana shida ba ce.

Likita da Sista, ban riƙe sunayenku ba, amma kuna cikin addu'ata. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku. Malam ya ce a gaya muku ya kai zoben an sake ƙera masa, zai sa shi ranar da za mu dawo ganin likita.

Taku,
wata uwargida daga Kano