Teburinka sai bayan hunturu

Tudun Wada, Kaduna

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da ruwan saman Fatakwal da ba ya gajiya. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta ja jiki, sanyin asuba ya fara leƙowa. Maman yara tana gaida uwargida.

Saƙonka ya iso. Wato kai da ka fi kowa yi mini tsiya, kana cewa ma'aikacin gwamnati ya koma kafinta da furfurarsa, yau kai ne ke neman in yi maka teburin karatu! To, na karɓa hannu bibbiyu. Sai dai ka cire rai da ganinsa wata mai zuwa, domin katakon da zan yi maka aikin da shi yana bayan ɗaki a jere, yana shan iska.

Katako ba ya daina motsi don an sare shi. Da damina yana shan laima ya kumbura, shi ya sa ƙofar ɗaki ke cijewa a watan Agusta sai an sa mata kafaɗa. Hunturu na shigowa ya tsotse ruwan, ƙofar nan dai ta koma tana lilo. Kuma a faɗi yake motsin, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwar katako ɗanye ne, bai daɗe da fitowa daga bakin inji ba. In ka haɗa tebur da shi yau, kafin Janairu ya fita tsinken ashana zai shige tsakanin falankan. Kafintocinmu sun fi ni sanin haka nesa ba kusa ba, amma mai kaya na tsaye a kansu, biki saura mako biyu, ina suka ga lokacin jira? Ni kuwa ba mai kora ta. Na ɗaga falankan daga ƙasa, na sa ƴan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, na shafe bakunansu da fenti kada su tsage, na danne saman da bulo. Inuwa suke so, rana murɗe su take yi.

Naka ma da ƙarin lissafi. Abin da ya bushe ƙayau a Kaduna, in ya sauka garinku mai laima zai sake buɗewa. Don haka ba zan kafe saman da gam da ƙusa ba. Da ƴan maƙalai na katako zan riƙe shi ta ƙasa, ya samu wurin miƙewa, aljihun teburin kuma in bar masa ɗan sarari.

Ka tambayi yadda abin ya samo asali. Tun da gwamnatin jiha ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu a Disambar 2021, na rasa abin yi da safiyar Juma'a kafin masallaci. Abin da na fara haɗawa shi ne bencin aiki, don yanka katako a tsugune a tsakar gida, kana take shi da ƙafa, bayanka ne zai biya. Tubaifo, katakon nan mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, na haɗa bibbiyu suka zama ƙafafu, na fafe musu rami, na sassaƙa wa sandunan gicciye harshe suka shiga daram. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe abin da kullum ake jijjigawa. Tsayinsa daidai wuyan hannuna in na tsaya na saki hannu. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma mutum biyu ke ɗaga shi, kuma nauyin nan shi ne amfaninsa: kana jan zarto, ko gezau. Abin damƙe katako na ƙarfe a Panteka, kasuwar ƴan ƙere-ƙere ta nan Kaduna, na samo shi, na hannu, duk tsatsa, kananzir ya tashe shi. Ka san Panteka, abin da ka rasa a can sai dai in ba a ƙera shi ba.

Aikin da ya fi shiga raina shi ne teburin Baba, Allah ya jiƙansa. Ka tuna shi, shuɗin nan da ke zaure, wanda muke baje littattafai a kai muna haddar jarrabawa? Yara har sun fara cewa a faskara shi. Da na kankare gefe guda, sai ga kore a ƙarƙashin shuɗin, ƙarƙashin koren kuma fari. Da fasasshen gilas na bi shi, dabarar da wani dattijon kafinta na unguwarmu ya nuna mini: ka ɗan kwantar da bakin, ka ja zuwa jikinka, fentin ya riƙa naɗewa yana zubowa. Na sa takunkumi, na yayyafa ruwa, na kori yara daga wurin, saboda tsohon fenti kan zo da dalma, ƙurarta kuwa guba ce, musamman ga ƙanana. Can ƙasa sai ga maɗaci, ja mai duhu, falanki biyu kacal suka yi saman gaba ɗaya. Je ka nemi mai faɗin nan a kasuwa yau ka ji kuɗi.

Daga nan sai samfefa, lamba 80, sai 120, sai 220, kullum bin tsawon katakon, don in ka gitta, zanen ba ya ɓoyuwa, folish ma ƙara tona shi yake. Tabon tawada guda da ke kusurwa na bar shi, ina kyautata zaton aikinka ne. Shafa folish a garin nan kuwa sai da dabara. Da damina ya ƙi bushewa, wani lokaci ya yi hazo fari. Da hunturu ƙura ta manne masa tun yana ɗanye. Da sassafe nake yi kafin iska ta tashi, a cikin ɗaki, na jiƙa daɓe, na sirka folish ɗin da tina, ruwan tsinka fenti, shafi marar kauri, in ya bushe in goge sama-sama in ƙara.

Wannan tebur ne ya sa na daina ganin ƙyallin kayan ɗakin yayi, na garin katakon nan da ake matsewa a lulluɓe da leda mai sheƙi. Ranar jere ba abin da ya kai su kyau. Bari ruwan mofa ya taɓa gindin kabad sau biyu, ya kumbure, noti ya saki, kuma ba ya gyaruwa. Kuɗin da iyayen amare ke zubawa a kansu yana ba ni tausayi.

Saura zaɓin itace. Obeche ba nauyi, ga sauƙin yanka, amma ƙwari na son sa, ban ba ka shawara ba. Maɗobiya ta fi kowanne kyau, sai dai dibar da aka yi mata zuwa Sin ta sa tun 2017 aka taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe, samunta ma yanzu aiki ne. Loko daga wajenku ake kawo mana shi, gara ba ta cika kusantarsa ba, amma kai maka loko Fatakwal ai kai wa mai rijiya ruwa ne. Abin da na shanya maka melina ce, ba ta cika murɗewa ba in ta bushe sosai, ƙafafu kuma zan yi su da ragowar maɗacin da nake ɓoyo.

Ka auno mini faɗin wurin da za ka ajiye shi, da tsayin kujerar da kake zama a kai, daga ƙasa zuwa mazauni. Da tef za ka auna don Allah, ban da taku ko kamu. Ka kuma tambayi uwargida ko aljihu ɗaya take so ko biyu, tunda na san a ƙarshe ita za ta gaje shi. Kuɗin katako da na mota naka ne, na hannu kuma ka biya da garin rogo da busasshen kifi.

A gaida yara.

Naka har kullum,
Amininka na Tudun Wada