Wanda ya manta auduga a cikin mai jego, shi ya kamata ya biya kuɗin ciro ta

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun bara.

Na yi shekara 26 ina aikin jinya kafin na yi ritaya, 19 daga ciki a ɗakin tiyata. Babban aikina a can shi ne ƙirga. Kafin likita ya sa wuƙa, ni da abokiyar aikina mukan ƙirga auduga da allurar ɗinki da almakashi da babbar murya, a rubuta. Kafin a rufe ciki mu sake, kafin a ɗinke fata mu sake. In goma aka buɗe, goma za a gani, ko da sai an zazzage bokitin shara. Na sha tsayar da manyan likitoci saboda auduga guda ɗaya, ransu ya ɓaci, daga baya su gode mini.

Bara 'yar ƙanwata, yarinyar da na goya a bayana, ta haihu ta hanyar aiki a wani asibiti. Mijinta ma'aikaci ne, yana cikin inshorar lafiya, inshorar ce ta biya. Aka yi suna lafiya. Bayan mako biyu sai zazzaɓi, ciki ya kumbura, ɗinki ya fara fitar da mugunya. Sau biyu suna komawa ana ce musu maleriya ce da taifot. Ranar da na ɗora hannuna a kan cikin nan gabana ya faɗi, na ce ba inda za mu sai an yi hoto. Da aka sake buɗe ta, auduga ce ta manne da hanji, sai da aka yanke wani yanki na hanjin. Kwana 16 ta yi a kwance, jaririyar tana hannun kakarta ana ba ta madarar gwangwani har nono ya ɗauke.

Wannan duk ya isa ciwo, amma takardar kuɗin ce ta sa na ɗauki alƙalami. Asibitin ya nemi lambar izini daga kamfanin inshora don aiki na biyu, kamar wata sabuwar cuta ce ta same ta, kamfanin kuma ya biya. Abin da inshorar ba ta ɗauka ba, wato jini leda uku da alluran da aka ce babu su a asibitin, mijin ne ya biya, naira 310,000, sai da ya sayar da babur ɗinsa. A takardar sallama ƙurji aka rubuta, ba a ambaci auduga ba. Kenan asibiti ya karɓi kuɗin aiki, ya sake karɓar kuɗin gyaran ɓarnar da ya yi da hannunsa, daga asusun da ma'aikata suka tara da guminsu da kuma aljihun mutumin da aka cuta.

Amurkawa sun sha fama da wannan. A 1999 wani babban rahoto ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocinsu saboda kuskure. Daga 1 ga Oktoban 2008, Medicare, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama, ta daina biyan ƙarin kuɗin wasu matsalolin da asibiti ne ya jawo su: mantuwar kaya a jikin mutum bayan aiki, ƙarin jinin da bai dace da nasa ba, shigar iska jijiya, gyambon kwanciya mai zurfi, faɗowa daga gado, da cutar da robar fitsari ke kawowa. A Janairun 2009 ta ce ba za ta biya ko sisi ba idan aka yi wa mutum aikin da ba nasa ba, ko aka yanka ɓangaren jikin da ba shi ke ciwo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne an hana asibiti juya kuɗin kan majiyyaci, kuma dole ya rubuta ciwon da mutum ya zo da shi ranar da aka kwantar da shi, don a bambanta shi da wanda ya samu a gadon asibiti. Tun 2006 ma ƙungiyar Leapfrog, ta manyan kamfanonin da ke saya wa ma'aikatansu inshora, ta nemi asibitoci su yi abu huɗu idan irin haka ta faru: su ba da haƙuri, su kai rahoto, su binciko tushen kuskuren, su yafe kuɗin.

Ba cewa nake a kwaso tsarin nan gaba ɗaya ba. Wani bincike da aka buga a 2012 bai ga dokar ta rage cututtukan robar fitsari da ta jijiya ba. Kuma na san ɗakin da nas ɗaya ke kwana da gadaje fiye da ashirin. In ta kasa juya kowane tsoho a kan lokaci, laifin na wanda ya ƙi ɗaukar ma'aikata ne. Ina kuma tsoron a tsorata asibitoci su ƙara ɓoye gaskiya, ko a tattara laifin a jibga wa ƙaramar nas a kore ta. Amma auduga a ciki, da jinin da ba na mutum ba, da yanka ƙafar dama alhali hagu ke ciwo, waɗannan ba su da gardama.

Da muka ɗaga maganar, wasu dangi suka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Na yarda da ƙaddara. Amma Imam Malik a cikin Muwaɗɗa ya ce likitan da ya yi kaciya ya yanke kan gaba, akwai diyya, kuma kuskure ne da danginsa ke ɗauka. Bai kira shi mugu ba, bai kuma ce wanda aka yi wa rauni ya ƙara masa ladan aiki ba. Mu da muke bin mazhabarsa muka mayar da haƙuri hanyar da asibiti ke cin kuɗi sau biyu.

Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a Najeriya ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, jihohi irin su Kano da Kaduna kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Kirana gare su shi ne su rubuta a fili, cikin yarjejeniyar kowane asibiti, cewa irin waɗannan kurakurai uku asibitin ne zai ɗauki nauyin gyaransu har majiyyaci ya warke, kuma hukuncin ɓoyewa ya fi na faɗar gaskiya tsanani. Duk wanda aka sake buɗe wa ciki cikin wata guda ko biyu da aiki, a tura likitan da ba na asibitin ba ya duba fayil kafin a saki kuɗi. Su kuma wajabta takardar tantance matakan tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambaya 19, wadda ta fito a 2008. A asibitoci takwas da aka gwada ta, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Ƙirga auduga na cikin tambayoyin.

'Yata tana samun sauƙi, an ce sai ta jira shekara biyu kafin ta sake ɗaukar ciki. Mijin a daidaita sahu yake shiga zuwa aiki. Mun rubuta wa asibitin wasiƙa sau biyu muna neman a gyara takardar sallamar a rubuta auduga, a kuma mayar masa da kuɗinsa, har yau ba amsa.

Daga tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Zariya.