Masu neman haya, ku duba daɓen katakon nan kafin ku biya

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu neman haya, musamman waɗanda tsadar cikin gari ta koro su gefen gari irina.

Bara na kama filat a wata unguwa can nesa, haya da sauƙi wallahi, kuma abin da ya ja ni shi ne daɓen, katako ne yana ta sheƙi, ina shiga na ce wa dillali na ɗauka ko banɗaki ban leƙa ba. Kuɗin mota kullum ya cinye kusan duk rarar da nake murna da ita, amma wannan ni na ja wa kaina, ba shi ya kawo ni ba.

Maganar katakon ce. Ashe ba duk abin da dillali ya kira katako ne katako ba. Na gaskiya itace ne zalla mai tauri, kaurinsa kan kai milimita 19, in ya ƙuje kafinta ya goge shi da samfefa ya shafa mai ya dawo sabo, har sau da yawa. Akwai mai fatar itace siririya a sama falawud a ƙasa. Sai kuma laminet, wanda hoton katako ne kawai aka manna kan allon garin itace, shi ruwa na shiga haɗinsa ya kumbura shikenan sai canji. Nawa na gaskiyan ne, amma ba wanda ya gaya min ba ya shiri da ruwa, muka yi ta zabga masa jiƙaƙƙen tsumma kamar tayil, kafin wata 6 gefen allunan ya fara ɗagowa, da iska ta bushe kuma ya tsuke ya bar ƙofofi tsakanin allunan. Ƙafar kujera da yashin takalmi su ma suka yi nasu zanen. Ga maƙwabcina na ƙasa, bawan Allah, duk takun yara a kansa yake ƙarewa, sai da na shimfiɗa kafet muka shirya.

Inda abin ya ƙona min rai ranar tashi ne. Mai gidan ya zo da tocila yana ƙirga ƙarzuna har da waɗanda na tarar, ya riƙe kuɗin ajiyata kaf, ni kuma ba hoto ba takarda, da me zan yi musu?

Shi ya sa nake cewa ranar karɓar makulli ku ɗauki bidiyon kowane ɗaki, ku taka ko'ina ku ji inda yake ƙara ko lotsawa don gara na cinsa ta ciki, a rubuta a yarjejeniya wa zai biya gyara, kuma a bambanta tsufan daɓe da ɓarnar ɗan haya. Masu gida kuma don Allah ku riƙa faɗa wa mutane yadda ake goge shi, minti 2 bai kai ba.

Naku,
Wani ɗan haya