Kwamfutar jama'a ba a barin ta haka sakaka

Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in ɗan ja kunnen masu kula da kwamfutocin da mutane da yawa ke amfani da su, a makaranta ko ofis.

Abin da ke ban haushi shi ne kowa ya zo da akawun ɗin admin, wato mai ikon canza komai a kwamfutar, yake shiga, wannan ya saka gem, wancan ya goge fayil ɗin wani, wata ta tashi ta bar imel ɗinta a buɗe, in bairos ya shiga kuma a ce ai kwamfutar ce ta tsufa. Haba!

A buɗe wa kowa akawun nasa mara ikon saka manhaja mana, fasuwod na admin ya tsaya wajen mutum ɗaya. A Windows samfurin Pro akwai Group Policy, wato wajen kafa wa kwamfuta dokoki, da shi za ka toshe Control Panel inda ake canza saiti har ka hana filash aiki, amma fa babu shi a Windows samfurin Home, a duba kafin a saya. Masu Linux maimakon Windows, in fuskar kwamfutarku GNOME ce tsarin dconf na kulle saitin, in kuma KDE ce tana da Kiosk mai irin wannan aikin.

Inda aka fi yin sakaci BIOS ne wallahi, wato saitin da ke tada kwamfuta kafin Windows ko Linux su buɗe. In ba a sa masa fasuwod ba, yaro ɗaya mai wayo zai tada na'urar daga filash ya tsallake duk wannan wahalar taka.

Masu Windows 10 kuma ku sani Microsoft ta daina tallafa mata, wato aiko mata da gyare-gyare kamar yadda ta saba, tun 14 ga Oktoba 2025.

Naku,
Wani mai karatu